Ɗanyar Manhaja da Muryar Baffa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, magana zan yi. Tun ɗazu ina jin ku kuna cewa aikinmu na zamanin da danne-danne ne kawai, wai abin da muke shafe wata biyu muna yi ku kafin shayi ya huce kun gama. To sannunku da ƙoƙari. Ga Zulai kuma, 'yar ƙanina, sai hura hanci take wai ta sauke wata manhajar haɗa bidiyo da ko fitowa kasuwa ba ta yi ba, ta gwaji ce, ita ta fara samu a duk Takur, kuma da ita za ta haɗa bikin ƙawarta. Zulai, kin karanta abin da suka rubuta kafin ki danna kin yarda? Kada ki sunkuyar da kai, ni ma ban karanta ba. Abin da rashin karatun nan ya ci shi zan gaya muku, in na gama wanda ya ga abin dariya ya yi.

Ni da tafireta na fara. Lokacin da aka ba mu jiha ma'aikata suka kwararo Dutse daga Kano, kowa da takarda a hannu yana neman mai buga masa, sai na kafa tebur a gindin wata darbejiya kusa da sakatariya. Shekara huɗu ina bugu har kan yatsuna ya yi kanta. Ran nan wani ya kawo mini wata takarda ya ce in yi masa irinta. Na duba ta sama da ƙasa, ba gogewa ko ɗaya, haruffan sun jeru kamar a littafi. Na ce wace tafireta ce ta buga wannan? Ya ce kwamfuta. A makon na ɗaure tafiretata da igiya na tafi Kano koyon aiki, ina da mata da 'ya'ya biyu.

Maigidana a Kano, Malam Sabo, Allah Ya jiƙansa, wata uku cur bai bar ni na zauna gaban kwamfuta ba. Ni magidanci guda, sai goge tebur da naɗe wayoyi da tayar da janareta. Da ya tashi koya mini, kashewa ya fara nuna mini, ya ce duk wawa ya iya kunna abu. Doka ɗaya gare shi, wadda ko daga barci aka tashe ka sai ka kawo ta: in mutum ya kawo maka kaset ko hoto, ba ka goge shi, ba ka ko ɗaga shi daga aljihun tebur, sai faifan da ka haɗa ya yi magana a kwamfutar wani. "Taka ta saba da kai, Iliya," haka yake ce mini, "za ta rufa maka asiri. Ta wani ce za ta faɗi gaskiya."

A wurinsa na gane abin da ku har yau ba ku damu ku gane ba. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, ita ke fara tashi in ka kunna, ita ke riƙe da komai. Sauran manhajojin, ta rubutu da ta hoto da ta sauti, duk a kanta aka ɗora su, kamar ɗaki a kan harsashi, kuma kowace da irin harsashin da aka auna mata. In masu ita suka ce sai sabuwar babbar manhaja, sai ƙwaƙwalwa kaza, ba don su tsorata ka suka faɗa ba. Kana iya tilasta ta a kan tsohuwa ta zauna, har ta yi makonni tana aiki, amma ranar da za ta rushe ba za ta yi maka sallama ba.

Da na dawo na buɗe shago a nan unguwar Takur cikin Dutse, kwamfuta ɗaya gare ni, da sikana mai shigar da hoto cikin kwamfuta, da rikoda mai kaset biyu, da na'urar buga faifai wadda in mutum ya jingina da tebur tana cikin aiki faifan ya lalace ke nan. Abin da aka san ni da shi shi ne faifai mai magana: ka saka shi a kwamfuta shafi ya buɗe, ka danna hoto murya ta fito ta yi maka bayani. Na farko da na yi na wata Islamiyya ce a Taura, na koyon haruffa. Malamar ta karanta mini su a kaset a tsakar gidanta, wani zakara ya rantse sai ya shiga aikin, tun daga alifi har harafin ƙarshe yana cara. Kwana tara na yi ina yanke zakaran nan daga tsakanin haruffa, ɗaya bayan ɗaya, da kunne da ido. Sannan ku zo ku ce mini danne-danne!

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ita ce mummunar shekarata a sana'a, kuma kada wani ya juya mini magana, ni ma na yi kabbara a filin taro tare da kowa. Amma aiki ya canza. Masu biki da ke kawo hotuna a ɗora musu kiɗa suka ɗauke ƙafa, abin da ya rage sai wa'azi. Kowa so yake a kwafa masa kaset ɗin malam wane, yau-yau, har sabon kaset ya yi wuya a Dutse, in ya ƙare sai an jira mota daga Kano. Na koma mai kwafar kaset daga safe har yamma, kwamfutata a rufe da zane. Haushi nake ji, ba na ɓoyewa, don ba wannan na je Kano na koyo ba.

A cikin wannan halin Malam Yunusa ya shigo shagona. Malamin dabbobi ne a ma'aikatar gona, Bafulatani, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa, ya haura arba'in har furfura ta fara masa a gemu. Mahaifinsa yana ruga a bayan Aujara, kowa Baffa yake ce masa.

"Malam Iliya, an ce kana sa hoto ya yi magana."

"Ina taɓawa, Malam."

"Tsohona ya san itatuwan daji da abin da kowanne ke yi wa saniya. Abin da ya sani ko rabinsa ba mu karanta a makaranta ba. 'Ya'yana kuma a Dutse aka haife su, Fillancin ma da ƙyar. So nake su danna hoton itace su ji kakansu da bakinsa. Ya tsufa, Malam Iliya. Ba na so a daɗe."

Wallahi ji na yi kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aiki ya zo gidansa.

Asabar uku a jere ya goya ni a babur zuwa rugar. Ranar farko muka zauna a tabarma bayan an gama tatsa, na kunna rikoda, Baffa ya yi gum. Ya gyara malafarsa, ya dubi shanu, ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni damina a Dutse, amma maganar da ta kawo mu ko kalma. Kaset na ta juyawa a banza. Sai da wata tsohuwa ta leƙo daga bukka ta yi wa Malam Yunusa magana da Fillanci, ya miƙe sumui-sumui ya koma can gindin wata tsamiya inda ko tari ba zai jiyo ba. Sannan bakin Baffa ya buɗe.

Ashe Malam Yunusa ɗan fari ne. Ku da kuke rataye a kafaɗar iyayenku kuna ɗaukar hoto ba za ku gane ba, amma ko mu Hausawa muna kunyar ɗan fari, balle Fulanin ruga. Baffa ba ya zama hira da shi, ba ya haɗa ido da shi, ba ya kama sunansa. In zai ambace shi sai ya ce "mutumin Dutse". A hanya Malam Yunusa ya gaya mini yana dariya, wai tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba, ko sau ɗaya. Ya faɗa kamar ba komai, ni ma na ɗauke shi ba komai.

Kaset shida muka cika. Maɗaci, marke, sabara, kalgo, kowanne Baffa zai riƙe ganyen in ɗauki hoto, sannan ya faɗi lokacin da ake ɗiba da ciwon da ake ba saniya dominsa. Ran Asabar ta ƙarshe mun gama, ina shirin kashewa, sai ya nuna rikodar da sandarsa.

"Abin nan yana ji har yanzu?"

"Yana ji, Baffa."

"Mutumin Dutse zai ji abin da ya ji?"

"Zai ji, in Allah Ya so."

Sai ya jawo rikodar gabansa, ya juya mini baya, ya fuskanci shanunsa, ya shiga magana da Fillanci zalla, a hankali. Ni ba na jin Fillanci in ban da gaisuwa. Ya yi kamar tsawon alwala yana magana. Abu ɗaya na kama a ciki, don ba ya bukatar tafinta: Yunusa. Sau uku ya faɗa. Da ya gama ya ce in kashe, ya ƙara da cewa, "Ba yau ba. In aikinka ya ƙare, ka sa masa shi a ƙarshe." Na yi masa alkawari. Da muka dawo na karya 'yan haƙoran nan na saman kaset ɗin duka shida, don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kansu, na jera su a aljihun tebur.

Matsalata ita ce manhajar da na saba aiki da ita ba ta son dogon sauti, in magana ta wuce 'yan mintoci sai ta riƙa sarƙewa, Baffa kuwa in ya kama bayanin itace ɗaya sai ya zaga da kai har Borno. Na shiga Kano neman mafita. Wani mai sayar da faifai, ba zan kama sunansa ba don yana da 'ya'ya, ya zaro mini wani faifai daga ƙarƙashin teburinsa, ba kwali, ba takarda, an rubuta suna da alƙalami a jiki.

"Oga, wannan ko Legas bai sauka ba. Sauti ko na kwana guda ne za ta haɗiye, kuma kai tsaye daga rikoda take ɗauka."

Ya gwada mini a kwamfutarsa, irin tawa ce, mai tsohuwar babbar manhaja. Yana sakawa wani rubutu ya fito ya ce ba za ta zauna a nan ba, sabuwa take bukata. Na ce to ka gani, ni tsohuwa gare ni, kuma ba halin canzawa, ƙwaƙwalwar kwamfutata ba za ta ɗauka ba, sikanata ma ba ta jituwa da sabuwar. Ya yi dariya, ya buɗe wani ɗan fayil ya goge layi ɗaya, ya sake sakawa. Ta shige sumul. "Ka gani? Barazanar Turawa ce kawai, so suke ka sayi sabuwar kwamfuta." Ko dai mutumin nan ya san ƙarya yake yi, ko kuma bai sani ba ya faɗa da bakin wanda ya sani. Har yau in na tuna dariyarsa raina ɓaci yake.

A kusurwar fuskar manhajar akwai wata 'yar kalma, beta. Na zaci sunanta ke nan, kamar a ce Binta. Ashe nufi ba a gama ta ba. Masu ita sun sake ta ne don masu gwaji su yi ta jijjiga ta su ga inda za ta karye, su ba da labari a gyara. Tukunya ce da aka gina ba a gasa ba, ga kyau a ido, ni kuma na ɗauka na zuba mata ruwan mutane.

Kuma ta yi mini kashedi, ba zan yi mata ƙarya ba. Mako shida ina zuba mata muryar Baffa, kaset bayan kaset, ina yankawa, ina liƙa kowane bayani a jikin hotonsa. Sau da yawa kibiyar nan ta kan fuska takan ƙame, sai na kashe na kunna. Sau biyu fuskar ta rikiɗe ta yi shuɗi. Wata rana na danna hoton kalgo Baffa ya shiga bayanin marke. Duk na gani, na ce gajiya ce. Ga shi kuma komai wuri ɗaya take tarawa, hoto da sauti da rubutu duk a fayil guda. Fayil ɗin ya yi ƙiba har rumbun kwamfutar, inda take ajiye aiki, ba shi da wurin na biyunsa, faifai ma ba zai ɗauke shi ba sai an gama an matse. In ka cire kaset shidan nan, aikin duka guda ɗaya ne a duniya.

Wata Alhamis da hantsi shugaban wata ƙungiyar wa'azi ya zo, kaset yake so masu yawa, za a raba bayan sallar Juma'a. Na kwafa, na kwafa, kaset ya ƙare saura shida su cika. Na zaga shagunan Dutse kaf, babu. Mutumin yana tsaye a kaina yana cewa aikin Allah ne, Malam Iliya, kada ka ba mu kunya. Na jawo aljihun tebur. Na ce a raina, ai muryar Baffa ta riga ta shiga kwamfuta, jiya ma na saurare ta tas. Ni da hannuna na karya haƙoran kaset ɗin nan, ni da hannuna na yanko salatif na liƙe ramukan. Ba mantawa na yi da dokar Malam Sabo ba. Ina jin ta a kunnena sarai na danna jan maɓallin ɗauka, wa'azi ya hau kan muryar Baffa.

Kwana biyar bayan haka na kai ƙarshen aiki. Na sa hoton malafar Baffa da sandarsa a shafin ƙarshe, na liƙa maganar nan ta Fillanci a jiki kamar yadda na yi alkawari. Na danna ajiyewa ana kiran azahar. Layin da ke nuna tafiyar ajiya ya kai rabi ya tsaya. Na je na yi salla na dawo, yana nan inda yake. Kada ma ku ce wuta, janareta na ta ruri lafiya lau. Ana kiran la'asar fuskar ta yi shuɗi. Da na kashe na kunna, ga fayil ɗin da sunansa, na danna, manhajar ta ce ba ta san shi ba. Ita da ta haife shi! Na yi ta dannawa har gumi ya jiƙa mini riga.

Washegari na naɗe kwamfutar da bargo na rungume ta a cinya har Kano. Malam Sabo ya saka faifan manhajar, bai ko buɗe ta ba, sai ya nuna mini wani ɗan fayil a gefe, sunansa da Turanci wai a fara karanta shi. Mako bakwai yana gabana. Ya karanta mini a hankali yana fassarawa. Sun ce wannan ta gwaji ce, tana iya lalata aiki ba sanarwa, kada a yi aikin da ba a so a rasa da ita. Sun ce ba a yi ta don tsohuwar babbar manhaja ba, wanda ya tilasta ta a kai babban fayil na iya karye masa wajen ajiya. Sun ce aikin da aka yi da ita ba lallai ya buɗe ba in cikakkiyar ta fito. Komai sun faɗa. Amma fisabilillahi, maganar da za ta iya kashe wa mutum aiki, a ɗan lungu ake ɓoye ta da ƙananan haruffa?

"Ba komai," in ji Malam Sabo. "Wahala ce kawai. Ɗauko kaset ɗin a sake zubawa."

Na shiga naɗe bargon da na kawo kwamfutar a ciki.

"Iliya, ina kaset ɗin?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Tsohon yana da rai?"

"Yana nan, Malam."

"To tashi. Yau ɗin nan ka je ka gaya wa ɗansa, gobe ku koma rugar ku sake ɗauka. Kunya ba ta kisa."

Ga inda nake so ku buɗe kunne, don duk abin da ya wuce wauta ce, wannan kuwa laifi ne. Ban je ba. Mu masu aikin hannu muna da wata muguwar ɗabi'a, daga tela har makaniki har mu: ba ma cewa na ɓata, sai dai mu ce ka dawo jibi. Na koma wurin mai faifan nan, ya rantse mini cikakkiyar manhajar na nan tafe cikin mako biyu, kuma tana zuwa za ta buɗe fayil ɗin. Na san abin da masu ita suka rubuta, da kunnena na ji, amma na zaɓi maganarsa, don ita ce ba ta bukatar in tsaya gaban Malam Yunusa in ce na goge mahaifinka. Sau uku Malam Yunusa ya biyo ta shago a kan babur ɗinsa. "Malam Iliya, ya aiki?" "Saura ƙiris, Malam, gyare-gyare ne." A zuwansa na uku ya ce tsohon ba ya jin daɗi, ya daina fita wurin shanu. Na ce Allah Ya ba shi lafiya, na bar shi ya tafi.

Sai da aka yi mako uku cikakkiyar ta iso. Muka ɗora ta a kwamfutar Malam Sabo, mai sabuwar babbar manhaja, komai daidai yadda suka ce. Ta dubi fayil ɗin ta ce wannan ba nata ba ne. Aka kira wani gwani ya tona cikinsa, abin da ya fito ƙara ce kawai, shuuu, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Na dawo Dutse da niyyar gobe da safe in je ofishin su Malam Yunusa in faɗi gaskiya. Na kuwa je. Masinja ya ce ai Malam Yunusa yana Aujara tun shekaranjiya, mahaifinsa ya rasu.

Na je ta'aziyya na zauna can baya, na kasa haɗa ido da kowa. Bayan sadakar bakwai Malam Yunusa ya zo shago. Ya rame. Ya zauna a kan bencin nan da kuke zaune, ya ce, "Malam Iliya, na san bai ƙare ba. Ba komai. Ko ɗan kaɗan ne kunna mini, muryarsa nake so in ji."

Na gaya masa komai, manhajar, da salatif, da jibin da na yi ta ce masa. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon aljihun teburin, sannan ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, itatuwan zai tambayi ƙannen Baffa, wataƙila a samu rabi. Ya miƙe zai tafi. Da na yi shiru a nan da bai taɓa sanin sauran ba, kuma shaiɗan ya raya mini in yi shirun. Amma alkawari na ɗauka.

"Malam, akwai saura. Ranar ƙarshe ya yi wata magana da Fillanci, ya ce in sa maka a ƙarshen faifan. Taka ce."

Ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa.

"Tawa? Ya aka yi ka san tawa ce?"

"Ya faɗi sunanka."

"Mutumin Dutse dai ya ce."

"A'a, Malam. Yunusa ya ce. Sau uku."

Ya dawo ya zauna. Mutumin da aka ce ko a wurin jana'iza bai zubar da hawaye ba, sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Me ya ce?"

"Ba na jin Fillanci, Malam."

"Ko kalma ɗaya? Ka tuna, don Allah. Ko yadda ta faɗo a kunnenka ka faɗa, ni zan gane."

Na rufe ido na matsa wa kaina har ya yi ciwo. Sau nawa na saurari maganar nan ina yankawa ina liƙawa, amma kunnen da bai san harshe ba ba ya riƙe shi. Ba abin da ya zo sai sunan.

"To faɗa yake yi? Muryarsa ta fushi ce?"

"Ba fushi. A hankali yake yi, irin yadda na ji yana yi wa wata farar saniyarsa magana in ta zo shan ruwa."

Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode. Ni ya yi wa godiya, ku ji fa! Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

Ban bar sana'a ba, amma daga ranar ko manhajar da aka ce daga sama ta sauko, sai na karanta ɗan fayil ɗin nan tukuna, in na ga beta in mayar wa mai ita. Rumbun tsohuwar kwamfutar yana nan a akwatina naɗe da tsumma. Na kai wa gwanaye, har da irinku masu cewa komai sauƙi ne, kowa ya dawo mini da shuuu ɗin nan. Saboda haka Zulai, gwada abinki a kan hoton kyanwa in kina so, amma bikin mutane ba a sake shi. Ki ajiye na asali wuri biyu kafin ki taɓa, in kuma ya lalace ki faɗa a ranar.

Malam Yunusa ya yi ritaya, yana nan a garin nan da jikokinsa. Bai taɓa tayar mini da maganar a gaban mutane ba. Amma duk sallar idi in mun gaisa, sai ya riƙe hannuna ya ɗan jawo ni gefe, ya yi ƙasa da murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Malam Iliya, sau uku ka ce?"

"Sau uku, Malam."

Sai ya saki hannuna ya tafi.